Yadda Yaya Dakta Ya Ciyar da Masu Tsere

Wan mijina bai taɓa yin gudu ba a rayuwarsa. In ruwan sama ya tsuge, raɓewa yake yi a bakin shagon wani har a ɗauke. In bas ta tashi ta bar shi, tsaki yake ja ya jira ta gaba. Amma shi ne mutumin da ya yi shekara uku yana yanke wa masu tseren kamfaninmu abin da za su sa a bakinsu, kuma har gobe in ka tambaye shi, zai dafa ƙirji ya ce maka shi ya gina su.

Ni ce mai dafa abinci a kamfanin sabulun da muke aiki. Shekarata goma sha huɗu a wannan kicin ɗin, tsakanin manyan tukwane uku da firijin da sai an tokare ƙofarsa da gwiwa yake rufuwa. Mijina yana sashen injin yanka sabulu. A nan muka haɗu, a nan muka yi aure, kuma ta dalilin auren ne na gaji wansa, kamar yadda mutum yake gadon ciwon baya.

Labarin ƙuruciyarsa daga bakin surukata na ji shi, kuma ita da alfahari take ba da shi. Shi ne ɗanta na fari, ta yi shekara shida tana jira kafin ya zo. Saboda haka tun yana rarrafe aka sabar masa da cewa tsokar da ta fi girma a tukunya tasa ce, maganar da ta fito daga bakinsa kuma ita ce daidai. Wai yana ɗan shekara bakwai ya taɓa gaya wa maƙwabciyarsu cewa ciwon kanta daga hanta yake. Inna takan ce, “Tun a lokacin na san likita na haifa.” Matar dai ashe tabarau take buƙata, amma wannan ɓangaren ba ya shiga labarin.

Ya shiga makarantar koyon aikin lafiya, ya yi zango ɗaya ya fito, ya ce malaman ba su kai shi sani ba. Ya zauna a shagon sayar da magani wata bakwai yana goge kanta yana jera kwalabe, aka sallame shi saboda yana canza wa mutane maganin da likita ya rubuta musu. Ya yi tallan wani garin ƙarin kuzari a cikin jaka, gida-gida, har jakar ta tsinke. Daga duk wannan yawon abu biyu ya tsira da su: farin kwat na gwanjo da ya fi ƙarfin kafaɗarsa amma bai kai ya rufe tumbinsa ba, da wasu manyan kalmomi guda goma da yake jujjuyawa kamar mai juya waina a tanda.

Da zaman banza ya ishi kowa a gidan, mijina ya je ya durƙusa wa manaja, aka ɗauki Yaya aikin gadin ƙofa, yana rubuta lambar motocin da suka shiga da waɗanda suka fita. To, a ɗakin masu gadin ne aka rataye akwatin agajin gaggawa, wanda babu komai a ciki sai auduga da bandeji da maganin ciwon kai. Aka ba shi makullin. Shi ke nan, an gama da mu. Washegari ya zo aiki da farin kwat. Direbobi suka fara ce masa Dakta don tsokana, shi kuwa ya amsa da gaske, har ya sa aka rubuta masa a jikin kofin shayinsa.

Kamfaninmu yana da masu gudu su shida. Duk shekara kamfanonin garin suna haɗuwa su yi tseren kilomita ashirin da ɗaya, daga filin wasa a zagaya ta bayan kasuwa da gadar jirgin ƙasa a dawo. Mijina ne gwaninsu. Siriri ne, ba ya magana da yawa, amma in ya saki ƙafa sai ka rantse ba ya taka ƙasa. Sau biyu yana zuwa na huɗu, kuma a shekarar da nake ba da labarinta kowa ya sa rai zai shiga ukun farko.

Wanda yake horar da su wani tsohon malamin motsa jiki ne da ya yi ritaya. Shi ya koya mini ciyar da su, a tsaye a ƙofar kicin, ba takarda ba allo. Ya ce kwana biyu kafin tsere a cika musu ciki da shinkafa ko taliya ko dankali, mai kaɗan, yaji kaɗan, da ɗan kifi ko kaza. Ranar tsere kuma su ci da sauran awa uku, abu mara nauyi: burodi da zuma, ayaba, shayi ba madara. Ruwa a riƙa kurɓa, kada a ɗura. Wake da kabeji da soye-soye da madara a ajiye su sai an dawo. Abin da ya fi nanatawa shi ne, “'Yata, duk abin da cikinsu bai saba da shi ba, kada ya fara ganinsa ranar tsere. Ba a fafe gora ranar tafiya.” Shekara tara ina yin haka, ba wanda ya taɓa riƙe ciki a hanya.

Sai tsohon ya samu ciwon gwiwa, 'yarsa ta zo ta ɗauke shi ya koma wurinta. Ranar da aka yi masa sallama, kafin motar ta fita daga ƙofa, Yaya Dakta ya riga ya rataya usur a wuya.

Ya shiga ofishin manaja ya yi awa guda. Manajanmu na lokacin mutum ne da in ka yi masa magana da kalmar da bai sani ba, gyaɗa kai yake yi don kada a gane. Yaya ya zuba masa furotin, ya zuba masa sinadari, ya zuba masa garkuwar jiki. Suka fito tare har kicin, manaja yana cewa, “Daga yau abincin 'yan wasa yana hannun Dakta. Ki ba shi haɗin kai.”

Na ce, “To, ranka ya daɗe.”

Yaya ya zagaya kicin ɗin hannuwansa a baya, yana leƙa tukwane. Ya buɗe ta shinkafa, ya yamutsa fuska kamar ya ga mushe.

“Kuku,” ya ce. A gida matar ƙanensa ce ni, yana kirana Maman Yara, amma a wurin aiki na zama Kuku. “Wannan ne kike ba su?”

“Shi ne, Yaya.”

“Sitaci! Kin san sitaci guba ne? Shi yake kwantar da jijiya. Kin taɓa ganin zaki yana cin shinkafa?”

Na ce, “Ban taɓa ganin zaki ya yi kilomita ashirin da ɗaya ba kuma, Yaya. Barci yake yi a inuwa.”

Masu wanke-wanke suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ilimi ba a tukunya ake samunsa ba. A hanyarsa ta fita ya tsame cinyar kaza daga faranti, wai zai gwada gishiri.

Saura sati biyu tsere ya kawo takardarsa, ya manna a jikin firiji. Ba shinkafa, ba burodi, ba taliya, ba dankali. Nama da ƙwai safe da rana, da ɗanyen kabeji. Ayaba ma ya haramta, ya ce abincin biri ce. Ga kuma wani gari a cikin gwangwani mai hoton ƙaton mutum da ya kumbura damtse, wanda za a dama da madara. Ban san inda ya samo shi ba, amma na ga ranar lalacewarsa an goge ta da wani abu mai kaifi.

Cikin kwana biyar masu gudun suka zama kamar tsumma. Mijina yana dawowa daga atisaye ya zube a tabarma.

Na ce masa, “Baban Yara, motar da ba mai ake turawa. Bari in dafa maka taliya, ba wanda zai sani.”

Ya ce, “Yaya ya ce jiki ne yake sabawa.”

“Yayanka ya taɓa gudu daga nan zuwa bakin titi?”

“Ki daina. Babban wa uba ne.”

Wannan ita ce cutar mijina. Mutum ne da zai iya gyara injin da ya gagari injiniya, amma in wansa ya ce rana daga yamma take fitowa, sai ya juya yamma ya jira. Da na matsa, maganar ta kai kunnen surukata. Ta aiko aka kira ni. Na same ta a zaune a kan kujerarta, Yaya yana gefe yana cin gyaɗa.

Ta ce, “Ke yanzu har kin yi ilimin da za ki ja da likita?”

Na ce, “Inna, ba ja nake yi ba. Ƙanensa ne yake ramewa.”

“Ramar ƙarfi ce,” in ji Yaya, bakinsa cike. “Kitsen banza ne yake narkewa.”

Na dubi tumbinsa da ya sauko ya zauna a kan cinyarsa kamar ɗan goyo. Na ce Allah ya ba da sa'a, na tashi.

Mutum ɗaya ce a cikin shidan ba ta sha wannan ruwan ba. Muna ce mata Uwar Biyu, tana sashen zuba sabulu a kwali, ita kaɗai ce mace a cikinsu. Ta zo ta same ni a bayan kicin ina fere dankalin ma'aikata.

Ta ce, “Anti, ni fa ba zan mutu saboda kwat ɗin gwanjo ba. Jiya a kilomita na shida sai da na ga taurari da rana tsaka.”

Na ce, “Kawo kwanonki ta taga kullum bayan an tashi.”

Haka muka yi. A gaban Yaya tana tsakurar kabeji tana yaba masa, in ya juya baya ta cinye shinkafarta a bayan tankin ruwa.

Ranar tsere za a tashi ƙarfe bakwai na safe. Yaya ya ce kowa ya hallara a ɗakin cin abinci ƙarfe shida, a ci a ƙoshi, don kada ƙarfin abincin ya huce kafin a fara. Haka ya ce, kada ya huce, kamar shayi. Ya sa na dafa wake tun asuba. Kowane mutum kwano guda na wake da mai yana ninƙaya a kai, dafaffen ƙwai huɗu, soyayyen nama, da babban kofi na madara da garin gwangwanin nan, wanda ranar ya ninka awonsa.

Na ce, “Yaya, don girman Allah, saura awa ɗaya. Ko mai zuwa gona ba zai ci wannan ya sunkuya ba.”

Ya ce, “Kuku, aikinki zubawa.”

Na zuba. Wannan zunubin nawa ne, kuma ban yafe wa kaina ba. Ya tsaya a kansu da agogo a hannu yana cewa, “A shanye! A shanye! Wanda ya rage ya rage ƙarfinsa.” Mijina yana haɗiyar ƙwai na huɗu idonsa ya kawo ruwa. Uwar Biyu kuwa ta riga ta ci burodinta da zuma da ayaba biyu a gida tun ƙarfe huɗu. Ta zauna a ƙarshen tebur, tana tura ƙwai cikin jakarta ɗaya bayan ɗaya, madarar kuma ta bi da ita cikin tukunyar shukar fulawar ado da ke bakin taga. Fulawar ba ta ƙara sati ba.

Ni da wasu ma'aikata muka tsaya a kilomita na takwas, daidai wani gidan mai, muna riƙe da robobin ruwa. Yaya yana bin su a bayan motar kamfani, a zaune a kan kujerar roba, yana busa usur.

Rukunin farko suka ɓullo, na hango mijina a cikinsu, na uku ko na huɗu. Amma da ya matso sai na ga gudun ba nasa ba ne. Ya ɗan sunkuya, hannu ɗaya a mara, yana haɗa gwiwoyi, fuskarsa ta yi toka-toka. Na miƙa masa ruwa, bai ko kalle ni ba. Ya karya kwana ya bar titi, ya ratsa tsakanin motocin da ke layin shan mai, ya nufi banɗakin bayan gidan man. A kulle yake. Mijina, mutumin da ko tari ba ya son yi a gaban jama'a, ya tsaya da lamba a ƙirjinsa yana dukan ƙofa yana kiran a kawo makulli. Kafin mai makullin ya iso, abin da ake gudu ya faru.

Mutane sun fi hamsin a wurin. Wasu suka kau da kai, wasu suka yi dariya, wani ɗan banza ya ɗaga waya. Na cire mayafina na ɗaura masa a ƙugu, na tsaya a ƙofar banɗakin na ba jama'a baya har ya gama.

Sauran ma ba su tsira ba. Direban babbar mota da ke cikinsu ya amayar da waken a kan gadar jirgin ƙasa. Biyu suka ƙarasa da tafiya suna riƙe da ciki kamar masu naƙuda. Na biyar motar asibiti ce ta kawo shi. Uwar Biyu kuwa ta shiga filin wasa ta uku a cikin mata, abin da kamfaninmu bai taɓa samu ba.

Ina can ina neman tasi da zan kai mijina gida, ashe a filin wasa ana ɗaukar hoto. Na gan shi daga baya, don an sa shi a gilashi an rataye a ofishin manaja. Uwar Biyu tana gefe, rabin fuskarta ma bai fito ba. A tsakiya Yaya Dakta ne, farin kwat, usur a wuya, ya rungume kofin da ta ci da hannu biyu, baki har kunne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da manaja ya tambayi abin da ya sami maza biyar ɗin, Yaya bai ko ƙifta ido ba. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ita ce kaɗai ta bi tsarina sau da ƙafa. Sauran suna satar cin shinkafa a ɓoye. Ina zargin daga kicin ne.” Aka kira ni aka ja mini kunne. Uwar Biyu ta so ta fasa ƙwan, na hana ta, don in ta faɗa, ni da ita ne za mu amsa laifin saɓa umarni, shi kuma ya samu wata ƙaryar.

Da yamma ya zo gidanmu, ba don dubiya ba, don ya nuna wa Inna kofin da ya aro. Mijina yana kwance a ɗaki ya juya fuska bango. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Kai dai tun kana yaro hanjinka ba shi da ƙwari. Na gaya wa Inna.” Ya juyo wurina. “Akwai sauran naman nan?”

Mijina bai sake gudu ba. A kamfani suka laƙaba masa suna Gidan Mai. Ba da mugunta ba wai, wasa ne, amma in ya shigo ɗakin cin abinci sai wani ya ce, “A cika tanki?” a kwashe da dariya. Shi ma yakan yi murmushi. Takalman gudunsa ya wanke su, ya ɗaure igiyoyinsu, ya ba wani maƙwabcinmu. Da asuba, lokacin da ya saba fita, sai in ji ya farka yana juyi a gado har gari ya waye. Shekararsa talatin da huɗu a lokacin, tsohon malamin ya taɓa cewa yana da sauran shekara biyar masu kyau a ƙafarsa. Ko sau ɗaya bai ɗora wa wansa laifi ba. In na tayar da maganar sai ya ce ƙaddara ce. Ni kuwa na ga ƙaddarar da idona, da cokali na zuba ta.

Yaya ya samu ƙarin girma. Aka ɗauke shi daga ƙofa, aka share masa wani ɗan ɗaki kusa da sito, aka sa tebur da fanka. Ya sa aka rubuta a ƙofar: Sashen Lafiyar 'Yan Wasa. Shekara biyu da suka biyo baya yana manna takardarsa a firiji, ni kuma ina karanta ta in ce to. Sai dai yanzu masu gudun sun ji hoho, ba mai buƙatar a ce masa bari. Layi suke yi a tagar bayan kicin. Ranar tsere kowa ya ci burodinsa da ayabarsa a gida, su zo su zauna a gaban waken Yaya suna juya cokali, in ya fita amsa waya a juye a bokiti. Suka riƙa yin abin kirki, ana ba shi lambar yabo. Har wani kamfanin taya ya gayyace shi ya yi musu jawabi a kan abincin masu tsere. Na ji an ce a shekarar mutum huɗu suka kwantar.

Abin da ya kawo ƙarshensa ba wani babban abu ba ne. Manaja ya yi ritaya, aka kawo wata mata a madadinsa, 'yar siririya mai furfura a goshi, wadda ashe ita kanta tana gudun safe tun tana budurwa. A satinta na biyu ta shigo kicin, ta tsaya a gaban firiji tana karanta takardar. Ta karanta har ƙasa, ta koma sama. Ta ce a kira mata wanda ya rubuta.

Ya zo yana gyara wuyan kwat. Ya fara zuba mata furotin da sinadari, ta bar shi ya gama.

Ta ce, “Dakta, a wace makaranta ka gama?”

Ya ce ai ilimi ba takarda ba ne.

“Gaskiya ne. To kilomita nawa ka taɓa yi a kan wannan abincin?”

Ya ce shi aikinsa na ƙwaƙwalwa ne.

Ta ce, “Ranar Asabar ina fita kilomita biyar kacal. Ka ci wannan da ƙarfe shida, ni ma in ci nawa, mu tashi ƙarfe bakwai. In ka gama, ko da rarrafe ne, ofishinka yana nan.”

Ranar Asabar ma'aikata suka cika bakin ƙofa tun da sassafe, har waɗanda ba su da aiki ranar. Na dafa waken da hannuna, ban taɓa dafa wake da daɗin rai irin na ranar ba. Ƙarfe shida ta wuce, bakwai ta wuce. Sai ga matarsa, baiwar Allah da ta ƙare ƙuruciyarta tana wanke kwat ɗin nan da bilic, ta zo da saƙo wai Dakta ya tashi da ciwon ƙugu. Manaja ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ɗaure takalminta ta yi gudunta ita da Uwar Biyu. Ranar Litinin aka cire allon ƙofar, aka mayar da ɗakin wurin ajiye tsintsiya da bokitai, shi kuma aka mayar da shi rubuta lambar motoci. Makullin akwatin ma aka ba wani.

Ya gaya wa Inna hassada ce. Ta yarda, kuma da wannan yardar ta koma ga Mahaliccinta bayan shekara guda.

Bai daɗe a ƙofar ba shi ma. Wata rana da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a gaban wata motar kaya. A asibiti aka ce sukari ne da hawan jini, sun daɗe suna cinsa, yana shan garin gwangwaninsa yana cewa shi ya san jikinsa. Aka sallame shi daga aiki. Matarsa ta yi jinyarsa wata takwas, ranar da ya jefe ta da kwano don ta rage gishiri, ta tattara kayanta ta tafi wurin ɗanta. Ba wanda ya ga laifinta. Mijina ya share ɗakin da ke kusa da zaure, ya je ya ɗauko wansa da akwatinsa da kwat ɗinsa.

Yanzu shekara biyu ke nan yana gidana, ni nake ciyar da shi. Likitar asibiti ta ba mu takardar abin da zai ci da wanda zai bari, ta ce kuma lallai ya riƙa tafiyar minti talatin kullum. Mijina ne yake riƙe masa hannu da safe, su je ƙarshen layi su dawo, yana rage takunsa don ya yi daidai da na Yaya. In suka haɗu da masu gudun safe, mijina yakan sunkuyar da kai ya kalli kwalta. Yaya kuwa tsayawa yake yi ya ɗaga sanda ya ƙwala musu kira, “Kai! Me kuka ci yau?”

Jiya na kai masa abincin rana, dafaffen kifi da ganye da ɗan dankali, daidai yadda aka rubuta. Na same shi ya sa tabarau, ya shimfiɗa takardar asibitin a kan gwiwa, yana bin ta da jan biro. Ya soke layi huɗu, ya yi rubutu a gefe.

Ya ce, “Maman Yara, yarinyar nan ba ta san aikinta ba. Na gyara mata. Daga gobe ki bi wannan.”

Na karɓa na duba. Ya mayar da soyayyen nama, ya ƙara sukari cokali uku a shayi, a ƙasa kuma ya sa hannu, ya rubuta Dakta.

Na ce, “To, Yaya.”

Na ajiye masa kifinsa, na tsaya a kansa har ya cinye.